Ranar da Birkin Ma'azu Ya Ƙi Kamawa

A tashar manyan motoci ta Dogon Dutsi, in aka ce Ma'azu ba a sake tambayar wanne. Dogon mutum ne siriri mai furfura a gemu, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka saboda shekara ashirin da shida da ya yi bayan sitiyari. Haifaffen Kore Mairuwa ne, gonar mahaifinsa tana bakin kwalta. Da ya tasa ya bi sa'o'insa cin rani Nijeriya, ya yi dako a Kamba, ya yi wankin mota a Sakkwato, har wani direba ya ga natsuwarsa ya koya masa tuƙi. Ya dawo gida ya yi permi, wato lasisin tuƙi, a Dosso, ya shekara guda yana jiran wanda zai ba shi makulli.

Wanda ya ba shi kuwa shi ne Alhaji Liman, tsohon direba da ya tattara abin hannunsa ya sayi kamiyo guda, wato babbar motar kaya. Da ita suka fara, Ma'azu yana tuƙi, Alhaji yana neman lodi: wake da gyaɗa daga ƙauyukan Arewa zuwa Yamai, siminti da shinkafa a dawowa. Sannu a hankali motocin suka zama uku. Alhaji yana da doka guda da duk tasha ta sani, in direba ya ce mota ba ta da lafiya to ba ta fita, ko kayan wane ne a ciki. Ranar Juma'a kuma kowa yana gidansa. Shi ya tsaya wa Ma'azu a aurensa da Maimunatu. Shekarar da ƙyanda ta ɗauke ɗan farinsu, Ma'azu yana Gaya da lodi. Alhaji ne ya yi wa yaron sutura, sannan ya tafi da kansa ya tare Ma'azu a hanya, don kada ya ji labarin a bakin wani yana riƙe da sitiyari. Ma'azu bai taɓa tayar da wannan magana da kowa ba, amma bai manta ba.

Shekara biyu da suka wuce Alhaji ya faɗi a bakin masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Ɗansa Shamsu, wanda ya yi karatun kasuwanci a Yamai, ya dawo ya karɓi kamfanin. Ma'azu ya san shi tun yana rarrafe, kuma ko a bayan idonsa bai taɓa kiransa mugu ba. Aikin ne ya faɗo masa a mummunan lokaci. Iyakar Benin a rufe, lodin Kwatano ya ɗauke, kayan gyara sun yi tsada, manyan kamfanoni sun dawo suna wawar ƙananan lodin da a da suke rainawa. Shamsu ya ga motocin ba za su rayu ba sai in sun daina tsayawa. Ya sallami masu taya direbobi aiki a hanya, kowa ya koma tafiya shi kaɗai, shi ne tuƙi, shi ne ɗaurin tamfol, shi ne canjin taya. Ya soke hutun Juma'a. Ya koma sayen tayoyin da wasu suka riga suka ci rabinsu. Ya kuma sa wata 'yar na'ura a kowace mota, wadda ke nuna masa a wayarsa inda take. In mota ta tsaya ta wuce minti ashirin, wayar direba za ta yi ƙara. Ba sau ɗaya ba Ma'azu ya sallame salla a gefen hanya ya tarar da kira huɗu suna jiransa.

Motar da ke hannunsa ita ce ta fari, tsohuwar da suka fara da ita. Birkinta na iska ne, kuma tiyon da ke kai iskar zuwa tayoyin baya ya tsage tun tsakiyar damina. Makaniken gareji ya naɗe wurin da roba ya ɗaure da waya, ya ce zai riƙe kafin a sayo sabo. Birkin hannu kuwa tun bara ya daina kamawa, in Ma'azu ya tsaya sai ya sauka ya sa katako ƙarƙashin taya. Sau uku yana faɗa wa Shamsu, sau uku ana ce masa mako mai zuwa.

Da kaka ta shigo, wake ya fara fitowa daga ƙauyuka, aikin ya ninka. A lokacin ne Luƙman, ƙaramin cikin direbobin uku, ya nemi su zauna. Suka haɗu bayan la'asar ƙarƙashin itacen bedin da ke bayan gareji. Luƙman saurayi ne mai shekara talatin, ba ya fashin karatu a masallacin unguwarsu, kuma ba ya iya zagaye-zagaye a magana. Ya ba su labarin abin da bai faɗa wa kowa ba. Kwana biyar da suka wuce, da rana tsaka, kusa da Birnin Gaure, barci ya sace shi bayan kwana uku yana tuƙi ba hutun kirki. Ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya ce ta farkar da shi, ya ga wata mata da tulu a ka ta faɗa rami don ta tsira. Ya ce tun ranar bai ƙara jin daɗin abinci ba. Shawararsa ita ce ran Litinin su ukun su ajiye makullansu a kan teburin Shamsu, kada wanda ya ɗauka sai an gyara motocin, an dawo da Juma'a, an daina ɗora musu lodin da ya fi ƙarfin mota.

Abdussalamu, direba na uku, wanda yake sa'an Ma'azu ne, mai 'ya'ya tara da hawan jini, ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke kafin ya amsa. Ya ce duk abin da Luƙman ya faɗa gaskiya ne, amma ya leƙa tasha ya ga samarin da ke zaune da permi a aljihu. In suka ajiye makulli da safe, kafin azahar wasu sun ɗauka. In sun bar nan kuma ina za su? Aikin da ya rage shi ne ayarin motocin da ke ɗauko kaya daga Lome ta Burkina, inda direba ke wata biyu bai ga gida ba, yana kwana a layi yana jiran sojojin rakiya, kuma su duka sun san wanda ya tafi bai dawo ba. A nan ko ba komai mutum yana ganin iyalinsa sau ɗaya a mako, maigidan kuma ya san ƙofar gidanka. Luƙman ya ce sanin ƙofar gida ba ya tsayar da mota a gangare.

Su biyun suka juyo suna kallon Ma'azu. Shi ne babba, kuma sun san in ya ajiye makulli ba saurayin da zai yi ƙarfin halin ɗauka a tashar nan.

Luƙman ya ce, "Baba Ma'azu, wanda ya san motatai ba ta da birki ya hau hanya da ita, in ya kashe rai, ranar lahira ba Shamsu kaɗai za a tambaya ba."

Maganar ta shiga Ma'azu, amma abin da ya gani a ransa shi ne Alhaji kwance a ɗaki, ana faɗa masa cewa Ma'azu ne ya jagoranci ajiye makulli. Ya ce su ba shi kwana biyu, zai yi wa Shamsu magana shi kaɗai.

Washegari da hantsi ya same shi a ofis, wayoyi biyu a gabansa, idanunsa sun faɗa kamar wanda bai yi barci ba. Shamsu ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba. Ya ce ya riga ya aika a sayo tiyo da kayan birki daga Ƙonni, ran Laraba za su iso. Sai dai akwai lodi guda da ba zai jira Laraba ba. Kaltume, babbar 'yar kasuwar wake da ke hulɗa da su tun zamanin Alhaji, ta tara buhunanta a Sukukutane, ta kuma yi wa mutanen Yamai alkawarin rana. Wani kamfani yana zawarcinta. In ta tafi, sauran 'yan kasuwar za su bi ta. Motar Luƙman ba ta iya yashin hanyar can, ta Abdussalamu kuma tana da nata lodin.

Ya ce, "To, Baba Ma'azu, tafiya guda ce. Ka dawo mu ajiye ta mako guda in ka so. Jiya ma Alhaji ya tambaye ni ko motarka ta fita."

Ma'azu ya daɗe yana kallon makullin a tafin hannunsa, sannan ya mayar da shi aljihu. Da ya fito ya tarar da Luƙman a bakin gareji. Luƙman ya dubi aljihun kawai, ya juya ya tafi.

Hanyar Sukukutane ta cinye masa yini guda. Bayan Matankari yashi ne zalla, sau biyu yana sauka da shebur yana tone tayoyi shi kaɗai. Can kuma 'yan dako suka loda, buhunan suka fi yadda aka faɗa masa, Kaltume ta ce ba za ta bar sauran a ƙasa ba. Mace ce mai jiki, ta haura hamsin, ba ta yarda kayanta su yi tafiya ba ta tare da su, don haka ta hau gaba kusa da shi. Suka kwana a Dutsi. Da safe ya sa makanike ya sake duba ɗaurin, makanike ya ƙara waya ya ce ya bi a hankali.

Ranar kasuwar Kore Mairuwa ce. Kafin ya tashi ya kira Maimunatu. Duk ranar kasuwa tana zama a bakin kwalta tana sayar da kopto, kwaɗon zogale da ƙuli, kuma in zai wuce takan ajiye masa nasa a kwano, ya tsaya ya karɓa su gaisa. Ta tambaye shi ko an gyara motar. Ya ce ana kan gyarawa. Ta ce Allah ya kawo shi lafiya.

Sun bar Dutsi rana ta fara zafi. Ma'azu bai wuce giya ta huɗu ba, idonsa ɗaya a hanya, ɗaya a kan allurar da ke nuna iskar birki. Allurar tana tsaye inda ya kamata. Kaltume tana ba shi labarin tsadar buhu da halin dillalan Yamai, yana amsa mata da to, to. Suna gab da Kore Mairuwa, inda hanya ke fara gangarawa a hankali zuwa kasuwa, sai ya ji wani abu ya fashe a ƙarƙashin mota, sannan wani dogon huci ya biyo baya. Allurar ta fara sauka yana kallo.

Ya taka birki. Motar ta ɗan ja baya kamar za ta saurare shi, ya sake takawa, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Gangaren ba mai tsanani ba ne, wanda ke kan babur ma ba zai lura da shi ba, amma nauyin waken yana turo su daga baya. Ya yi ƙoƙarin mayar da ita giya ta uku, ƙarfe ya yi ƙara ya ƙi shiga. Ya ba ta wuta ya sake gwadawa, ta shiga, injin ya yi kururuwa, motar ta rage gudu kaɗan amma ba ta da niyyar tsayawa. Ta biyu ta ƙi sam. Ya ja igiyar oda don mutane su kauce, sai ya tuna ita ma da iska take aiki. Wani ɗan siririn kuka ta yi ta mutu.

Kaltume ta daina magana. Ta dubi ƙafarsa, ta dubi fuskarsa, ta fara salati a hankali.

Daga nan yana hango kasuwar. Amalanken jakai sun cika gefen hanya, mata suna tsallakawa da ƙwarya a ka, wani makiyayi yana kora tumakinsa ta tsakiyar kwalta. Ya san daidai inda rumfar Maimunatu take, bayan mai gyaran babur, taku uku daga bakin hanya. Ta hagu wata bas ce ke tahowa cike da fasinja. Ta dama akwai ɗan kwari, bayansa gonar hatsi da aka girbe, yashi mai laushi, da rumbu guda a tsakiya. In ya wuce gonar nan gidaje ne, daga gidaje sai kasuwa. Ya duba gonar da kyau, bai ga mutum ba.

Ya ce, "Hajiya, riƙe ƙarfen nan da hannu biyu. Kada ki saki."

Ya murɗa sitiyarin dama da duk ƙarfinsa. Tayoyin gaba suka faɗa kwarin suka fito, gilashi ya tarwatse, motar ta kutsa cikin karan hatsi tana tona yashi. Ta daki rumbun ta watsar da shi. Ya ji lodin baya yana rinjayar ta, ya ga sama ta karkace a gabansa, sannan ta kwanta ta ɓangarensa a hankali, kamar raƙumin da ya gaji. Hannunsa na hagu yana ƙarƙashin ƙofa.

Bai suma ba. Yana jin wake yana zuba daga buhunan da suka fashe, yana jin Kaltume a samansa tana rataye da ƙarfen tana kiran sunan Allah. Da hannun dama ya lalubo makulli ya kashe injin. Makiyayin nan da wasu mutanen kasuwa ne suka fara isowa. Suka zaro Kaltume ta taga, goshinta ya tsage amma da ƙafarta ta tsaya. Shi kuwa sai da suka tona yashin da ke ƙarƙashin ƙofar da hannu da fartanya kafin hannun ya fito. Maimunatu ta taho kallo kamar kowa, ba ta gane motar ba sai da ta ga lambarta. Ta ratsa mutane ta durƙusa kusa da kansa, ta cire mayafinta ta tare masa rana, tana nan har aka sa shi a motar da ta kai shi asibiti a Dutsi.

Hannun ya karye wuri uku, haƙarƙari biyu sun tsage. Ban da shi da Kaltume ba wanda ya ji ciwo.

Washegari da safe, kafin jandarma su zo ɗaukar bayani, Shamsu ya shigo. Ya gaida Maimunatu, ya roƙe ta ta ba su wuri, ya jawo kujera har jikin gadon. Ya ce ya san laifinsa ne, ba zai yi musu ba. Amma in maganar birki ta shiga takarda, za a tsare sauran motocin biyu a bincike su, kuma shi ya san abin da za a gani. Kaka ce, in suka rasa makonnin nan sun rasa shekarar. Mutane da yawa sun ga tumaki a hanya, in Ma'azu ya ce su ya kauce wa ba wanda zai ƙaryata shi. Shi ma permin nasa zai tsira, domin direban da ya amsa cewa ya san motarsa ba birki ya fita da ita ba ya fita salin-alin. Ya ƙara da cewa likita ya hana a faɗa wa Alhaji duk abin da zai tayar masa da hankali.

Ma'azu ya ce ya ji. Bai ce to ba, bai ce a'a ba.

Bayan fitar Shamsu, Luƙman da Abdussalamu suka shigo tare. Luƙman ya yi masa sannu, bai tuna masa maganar da suka yi ƙarƙashin bedi ba, sai dai ya ce ya je ya ga motar, ya auna da ƙafa daga inda ta kwanta zuwa gidan farko, taku sittin ne. Abdussalamu ya zauna a bakin gado yana murza hularsa. Ya san abin da Shamsu ya zo nema, kuma ya san in aka tsare motoci gidansa ne zai fara jin yunwa. Bai roƙi komai ba. Da za su tafi ne ya ce tayar gabansa ta dama ta kumbura tun makon jiya, yana tafiya da ita yana addu'a.

Da hantsi jandarma ya zo, mutum mai sanyin murya, ya zauna ya buɗe littafinsa. Maimunatu tana zaune a ƙasa kusa da ƙofa. Ya tambayi suna da shekaru da inda aka ɗauko kaya, sannan ya ce wasu sun ce akwai dabbobi a hanya, shin su ne sanadi? Ma'azu ya dubi silin. Haƙarƙarinsa yana suka duk numfashin da ya ja. Kalma guda ce ake nema a gare shi, kuma ba ƙarya ce tsagwaronta ba, tumakin suna wurin.

Ya ce, "Tumaki suna nan, amma ba su ba ne. Birki ne ya tafi. Tiyon iska ya tsage tun damina, da roba aka ɗaure shi."

Jandarma ya ɗago kai ya tambaye shi ko ya san da haka kafin ya tashi.

"Na sani. Na faɗa wa mai mota sau uku, amma ba wanda ya ɗaure ni ya sa ni ciki. Ni na ɗauki makulli da hannuna. Ka rubuta duka biyun."

Jandarma ya rubuta duka biyun. Aka karɓe permin Ma'azu, aka tsare motocin biyu kwana goma sha tara. Shamsu bai sake takowa asibitin ba, ko da yake ya aiko da abin da ake bukata na magani. A tasha ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce Ma'azu ya ci amanar gidan da ya rene shi, wasu suka ce da ya yi shiru da Abdussalamu ne na gaba. Kaltume ta kwashe abin da ya tsira na wakenta ta ba wancan kamfanin, amma duk inda ta zauna tana faɗin yadda mutumin ya zaɓi ɓangarensa ya kwantar da motar a kai, alhali shi Ma'azu ya sha cewa bai zaɓi komai ba, gona kawai ya gani.

Labari ya kai kunnen Alhaji duk da haka, ta bakin masu zuwa dubiya. Ranar da aka sallami Ma'azu, Alhaji ya aika a kira shi. Ya same shi jingine da matashi, ya rame, bakinsa ya karkace. Shamsu yana tsaye a bakin ƙofa. Ma'azu ya durƙusa ya gaishe shi, yana jiran a tambaye shi dalilin da ya sa ya faɗa wa hukuma. Alhaji ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Mi ya sa ka hita da ita?"

Ma'azu ya sunkuyar da kai ya ce don kada a ce wa Alhaji motarsa tana tsaye.

Alhaji ya girgiza kai, hawaye yana bin gefen fuskarsa da ya shanye. Ya ce, "Ba ni na koya maka haka ba." Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yafito Shamsu, ya nuna wa Ma'azu ƙofa. Abin da uba da ɗa suka tattauna bayan nan ba wanda ya ji.

Ba a tayar da tsohuwar motar ba. Aka wargaza ta aka sayar, aka gyara sauran biyun da abin da ta kawo, aka sa musu sababbin tayoyi a gaba. Hutun Juma'a ya dawo. Na'urar nan tana nan, kuma har yau direba shi kaɗai yake tafiya, sai dai Shamsu ya daina kira lokacin salla. Luƙman ya ƙara wata uku, ya ce gyaran bai kai inda yake so ba, ya ajiye makullinsa ya shiga ayarin Lome. Yakan kira Ma'azu in ya samu layi. Abdussalamu yana nan da motarsa.

Hannun Ma'azu ya warke a lanƙwashe, ba ya miƙewa, ba ya ɗaga abu mai nauyi. Da wa'adi ya cika aka mayar masa da permi, ya sa shi a akwati. Ya koma Kore Mairuwa ya kama gonar mahaifinsa, 'yarsa Mardiyya da ke kwaleji tana taya shi in an yi hutu. Watannin farko ba ya iya zuwa bakin kwalta ranar kasuwa, in ya ji babbar mota tana gangarowa zufa ke karyo masa. Maimunatu ta matsar da rumfarta can cikin kasuwa ba tare da ya ce ta yi ba.

Kafin damina ya je ya sami mai gonar da ya rushe wa rumbu, wani tsoho mai 'ya'ya duk a cin rani, ya ce ya zo su sake ginawa. Tsohon ya dubi hannun ya ce ya bari kawai, ya yafe. Ma'azu ya ce ba zai iya ɗora ƙasa ba, amma yana iya kwaɓawa da ƙafa. Kwana shida suka yi, shi yana cikin laka har gwiwa, tsohon yana sama yana ɗorawa, suna gardama a kan faɗin bakin rumbun. Ran na bakwai suka ɗora masa jinka, da yamma hadari ya haɗu ta gabas.